Ruwan Ganye a Idon Lesieli

Tun da aka binne Sunia, 'yarsa Lesieli ba ta ƙara samun inda za ta buɗe littafi a gidansu ba. Matan dangi sun cika falo da baranda, kowace cikin baƙaƙen kaya da tabarmar makoki ɗaure a kugu, suna saƙa, suna shan shayi, suna jero kyawawan halayen mamacin, har da waɗanda da zai ji da kansa sai ya yi dariya. Shi ya sa kullum da la'asar, in ta gama wanke tukwane, sai ta ɗauki takardunta ta bi ta bayan coci zuwa maƙabartar bakin teku. Kabarin ubanta tudun farin yashi ne, an kafa masa bargon ado a kan sanduna biyu, da sunansa ɗinke da manyan jajayen haruffa. Takan zauna daga wajen ƙafafunsa, domin ɗiya ba ta zama wajen kan ubanta, ko yana raye ko ya mutu.

Saura mako uku ta tsaya gaban masu tantancewa a Nuku'alofa, babban birnin ƙasarsu. Ta riga ta aika da fom, da sakamakon jarrabawa, da takardar haihuwa, da shafi biyu da ta rubuta kan dalilin da ya sa take son zama likita. Gurbi huɗu ne kacal na tafiya karatun likita a birnin Suva da ke ƙetare, kuma na waɗanda suka gama sakandare a bana ne kawai. Daga duk tsibiransu na Ha'apai mutum biyu aka gayyata, ita da Sitani ɗan gwaggonta. Kowa ya san ba za a ba Ha'apai gurbi biyu ba, kowa kuma ya san wadda take zuwa ta ɗaya a ajinsu tun shekarar farko. Jirgin ruwa ranar Laraba kaɗai yake tashi. Wanda Larabar ƙarshe ta wuce shi, shi ke nan.

Malam Havili, malaminsu na kimiyya, ya rubuta mata tambayoyi talatin. Sai ta karanta ɗaya a zuci, ta ɗaga kai ta yi shiru kamar tana sauraron mai tambaya, sannan ta amsa da ƙarfi cikin Turanci, tana gyara zama, tana murmushi yadda Malam ya koya mata. Wani lokaci kanta ya sara ta dafe goshi, don tun bara sai ta tsuke ido take ganin allo. Sunia ya yi alkawarin in sun je babban birni tare zai kai ta a auna mata tabarau. Bai kai ga cikawa ba.

Wata maƙwabciya da ta je kamun kaguwa ce ta hango ta. Kafin Lesieli ta iso gida, labarin ya riga ta.

Gwaggo Naite, yayar Sunia, tana kan kujera ɗaya tilo da ke falon, sauran mata a ƙasa. A gidan ɗan'uwa, maganar gwaggo ita ce ta ƙarshe. Ita ta raɗa wa Lesieli suna, ita ta yanke mata gashi ranar makoki, ita ta kwashe mafi kyawun tabarmin da aka kawo gaisuwa, kuma ba wanda ya ga laifinta. A cinyarta akwai kwafin shafi biyun nan, wanda Lesieli ta ɓoye cikin Littafi Mai Tsarki.

"Sieli, zo nan. Da wa kike hira a maƙabarta?"

Lesieli ta zauna ta naɗe ƙafafu gefe guda, kanta a ƙasa. "Ba kowa, Gwaggo. Bitar tambayoyi nake yi."

"Bita. Kuma mai yi miki bitar har dariya yake ba ki? An ce gyara masa zama kike yi kamar wadda saurayi ya zo wurinta."

Matan suka fara dariya, suka haɗiye da suka ga fuskarta.

"Sitani ya fassara mini wannan," in ji Gwaggo, tana kaɗa takardar. "Wai ciwon sukari ne ya ci ƙafar ubanki. Wai wata uku ana ɗaura masa ganye a gida. Wai da an kai shi asibiti da wuri, da yana nan. To wa ya hana a kai shi? Faɗa mana, likita, muna ji."

"Ban rubuta sunan kowa ba, Gwaggo."

"A ƙasar nan sai an rubuta suna? Masu karanta takardar nan, da rabinsu muka yi waƙa a coci."

Sai Gwaggo ta sassauta murya, kuma wannan ya fi faɗan ban tsoro.

"Yarinyar da na raɗa wa suna ba za ta rubuta wannan da hankalinta ba. Ba ita ba ce. Sunia ne bai sake ta ba. Tun yana raye ya fi son ta da kowa, yanzu so yake ya ja ta su tafi tare. Ga ciwon kai, ga magana da kabari. Kalo, 'yarki avanga ce ta kama ta."

Avanga ita ce ciwon da matattu ke sa wa 'yan mata in suna kewar su. Kalo, uwar Lesieli, tana tsaye bakin ƙofa. Lesieli ta dube ta. Kalo ta dubi butar shayin da ke hannunta.

Ba wanda zai iya rantsewa cewa Naite ƙarya ta shirya. Akwai mutanen da Allah ya hore wa wata baiwa: duk abin da zai yi musu daɗi, shi ne suke yarda da shi da zuciya ɗaya. Naite tana cikinsu. Ta yi kuka a ranar, kuma hawayen gaske ne.

Washegari da safe aka kawo Mafi, tsohuwar da ta yi wa Sunia ɗaurin ganye. Ba muguwa ba ce. Ta shigo tana tsokanar yara, ta shafa kumatun Lesieli, ta ce ita ta karɓi haihuwarta. Ta daka ganyayenta a ƙoƙon kwakwa, ta ƙulle su a tsumma. Mata huɗu suka danne Lesieli a tabarma, biyu hannu, biyu ƙafa. Mafi ta buɗe mata ido da yatsa ta matse koren ruwan a ciki, dama da hagu, sannan hanci.

Lesieli ba ta taɓa sanin akwai zafi irin wannan ba. Ta banƙare, ta yi ƙara har karnukan maƙwabta suka ɗauka.

"Kun gani," in ji Mafi. "Da ba kowa a jikinta, da ruwan sanyi za ta ji. Wane ne tare da ke, 'yata? Faɗi sunansa ya tafi."

"Babu kowa, Iya. Na rantse da Allah babu kowa."

"Haka suke cewa da farko."

Mafi ta kafa sharuɗɗanta. Za a ɗiga safe da la'asar har sai yarinya ta ambaci sunan mai riƙe da ita. In ta ambata an gama, amma wadda aka raba da mamaci ba ta hawa teku sai ta cika wata guda, don a kan ruwa suka fi ƙarfi. Gwaggo ta ƙara nata, cewa ta takarda mamacin yake shigowa. Aka tattara littattafan Lesieli da tambayoyin Malam Havili da amsoshin da ta rubuta, aka kai gidan Gwaggo.

Lesieli tana kwance ido na tsiyaya, amma kanta yana aiki. In ta faɗi suna, wata guda, jirgi ya tafi. In ba ta faɗa ba, ruwan ganye sau biyu a rana. Ta yanke shawarar za ta daure har su gaji.

Ba su gaji ba. A kwana na uku fatar idonta ta kumbura. A na shida ta farka idanun sun manne da kwantsa mai kauri, sai da Kalo ta jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ta yi ta gogewa kafin su buɗe. Haske ya zama abokin gaba, aka rataya bargo a taga.

"Mama, kin san lafiyata lau."

"Na sani ko ban sani ba, me zai canza?" Kalo tana matse tsumman. "Ki faɗa kawai, Sieli. Ki ce Babanki ne, a ƙyale miki ido."

"In ce Baba ne yake cutar da ni? Mutumin da ko tsawa bai taɓa yi mini ba?"

"Ya mutu. Ba zai ji ba."

"To in ba ya ji, ta yaya yake riƙe da ni?"

Kalo ta daɗe tana duban ruwan kwanon. "Gidan nan a filin danginsa yake. Ni shigowa na yi. In Naite ta juya mini baya, duk ƙauyen nan ya juya, har a coci sai na rasa wurin zama. Ga ƙannenki. Ke kina da ƙwaƙwalwa, duk inda kika je za ki ci abinci. Ni fa?"

Ta fita da kwanon. Da la'asar ita ce ta riƙe hannun dama, tana kawar da kai.

Tsakanin ɗigon safe da na la'asar akwai sa'o'i masu tsawo, kuma a cikinsu ne gidan ya fara sauya mata. Ɗakin duhu ne da rana tsaka. Sai ta ji ƙamshin man kwakwa mai fure, irin wanda ubanta ke shafawa ranar Lahadi. Sai ta ji ƙararrawar kekensa a bakin hanya, sau biyu, yadda yake kaɗawa in ya dawo daga gona. Ta san Sitani ne ya ɗauke keken tun ranar binnewa, amma zuciyarta takan buga kafin ta tuna. Don kada ta haukace, ta riƙa maimaita tambayoyin nan talatin da ka, tana amsawa a hankali. Matan baranda suka ji ta.

"Ga shi can ya dawo," in ji wata. "Har Turanci ya koya a lahira."

A kwana na goma, katakon ƙofa ya yi ƙara kamar an jingina da shi. Ba ta san lokacin da bakinta ya ce "Baba?" ba. Ba wanda ya amsa. Tsoro ya kama ta, kuma ba tsoronsa ba ne. Tsoronta shi ne kada a ce sun yi gaskiya.

Malam Havili ya zo a mako na biyu da kwandon doya na gaisuwa. Ya zauna a ƙasa bakin baranda yadda ya kamata, ya yi doguwar ta'aziyya, sannan ya roƙi a bar shi ya kai Lesieli asibiti a duba idon.

"Wane asibitin?" in ji Gwaggo. "Wanda ƙanena ya kwana biyu a ciki aka dawo mana da shi a naɗe?"

"Naite, lokacin da aka kai shi ƙafar ta riga ta..."

"Malam, kai ma kana da gwaggo, ko? Tana nan da ranta, na san ta. In ta yanke magana a gidanku, malamin makaranta ne yake zuwa ya gyara mata?"

Shekara ashirin Malam yana koya wa yara yadda jini ke zagaya jiki, amma ba a koya masa amsar wannan ba.

"Na rubuta na roƙi a ɗaga mata ranar," ya ce a ƙarshe. "Sun ce ba zai yiwu ba. Yarinyar nan irinta ba ta zuwa kowace shekara."

"Lafiyarta muke nema, ba takarda ba. In ta mutu a kan teku, takardar ce za ta binne ta? Ga Sitani can, shi ma ɗalibinka ne. Ko shi ba ya bukatar bita?"

Ya tashi ya yi sallama. Da ya zo daidai tagar da aka rufe da bargo, ya tsaya kamar yana gyara takalmi, ya ce da iska, "Laraba, ƙarfe goma. Sunanta yana cikin jerin fasinjoji." Iyakar jarumtarsa ke nan, kuma ya tafi gida yana jin ya yi wani abu.

Ranar Litinin ta ƙarshe ƙararrawar keke ta kaɗa sau biyu, ta tsaya a gindin taga.

"Sieli, kina ji na?" Sitani ne. "Tambaya ta bakwai. Rubutunki bai fita sosai ba. Me kika ce bayan wajen da ƙafar ta fara wari?"

Tambaya ta bakwai ita ce: wane mara lafiya ne ba za ka taɓa mantawa da shi ba? Lesieli ta tashi zaune.

"Amsata ce wannan, Sitani. Ubana ne."

"Kawuna ne ni ma."

A nan bai yi ƙarya ba. Ɗan 'yar'uwa yana da ikon ɗaukar abin da ya ga dama a gidan kawunsa, haka aka gada. Ya ɗauki keke, ya ɗauki komar kamun kifi, ya ɗauki lallausar tabarmar kugun da Sunia ya ajiye don ranar da zai raka 'yarsa. Yanzu ya zo ɗaukar mutuwarsa.

"Mama ta ce in cire wajen ganyen," in ji shi. "In ce shi da kansa ya ƙi asibiti, taurin kai irin na dattawa. Ai ya fi daɗin ji."

"Kuka yake yi yana roƙon a kai shi. Kana wurin."

"Ni fa ba ni na ce a yi miki wannan abin ba. Ki daina yi mini magana kamar ni na daka ganyen." Ya yi wasa da birki. "In na zama likita ni zan duba miki idon. Kyauta."

Ranar Talata da la'asar Mafi ta buɗe idon hagu, ta daɗe tana dubawa, ta juya ga Gwaggo.

"Naite, idon nan ya sha da yawa. Da mun huta masa."

"Yanzu da muka kusa cin ƙarfinsa? Ƙara kwana biyu kawai, Iya."

Lesieli ta ji. Kwana biyu, wato yau da gobe. Abin da ta daɗe tana zargi ya tsaya a gabanta tsirara. Da ruwan ya shiga, Mafi ta yi tambayarta ta kullum, "Wane ne yake wahalar da ke, 'yata?" sai ta amsa da muryar da ta yi bita da ita a maƙabarta, a sarari, kalma bayan kalma.

"Gwaggo Naite ce. Ita ta hana a kai Baba asibiti don kada a yanke masa ƙafa a ce gidanmu akwai gurgu. Ita take so jirgi ya tafi ba ni, don ɗanta ya shiga shi kaɗai. Baba bai yi mini komai ba."

Hannayen da ke danne da ita suka saki. Wata ta toshe baki. A duk tsawon rayuwar matan nan ba wadda ta taɓa jin yarinya ta ɗaga murya ga yayar ubanta, balle ta kira sunanta da laifi. Gwaggo ta fashe da kuka.

"Kun ji muryarsa? Haka yake yi mini rashin kunya muna yara. Wace yarinya mai hankali ce za ta faɗi haka? Sunia, ka ji tsoron Allah ka saki 'yar nan."

Matan suka gyaɗa kai, har da ajiyar zuciya, don wannan bayanin ya fi sauƙin ɗauka. Mafi ma da ta fara shakka ta samu natsuwa. Ta ƙara ɗigo biyu a kowane ido.

Laraba da hantsi gidan ya yi shiru, kusan kowa ya tafi rakiyar Sitani. Lesieli ta lalubo takardar gayyatarta daga cikin rigar matashi, inda ta ɓoye ta tun ranar farko. Ta ɗaura tabarmar makokinta, ta fita ta ƙofar baya. Rana ta soke ta a ido kamar allura. Ta rufe su, ta kama shingen maƙwabta tana bi da hannu. Ta san hanyar, tafiyar minti ashirin ce zuwa tashar jirgi. Tana jin injin yana ɗumi daga nesa, da kukan aladun da ake lodawa.

Ta wuce coci. Ta wuce kantin kwana. A daidai filin ƙwallo wasu magidanta biyu da ke gyaran koma suka gan ta, yarinya cikin baƙaƙen kaya, gashi a yanke, ido a kumbure, hannu a miƙe tana nufar ruwa.

"Kai, 'yar Sunia ce. Teku ta nufa."

"Haka suke yi. Yana kiran ta ne."

Suka tare ta da tausayi, ɗaya har yana ce mata 'yata.

"Jirgi zan shiga, Baba. Ga takardata, ku duba. Sunana yana cikin jerin."

"To, to, mun ji. Zo mu je gida ki sha ruwa."

Ta yi ta fizga, tana ɗaga takardar, tana kiran sunan Malam Havili. Suka ɗauke ta cak. Mutanen kirki ne, kuma har yau in an tambaye su za su ce sun ceci rai.

Aka aika aka kira Mafi, Gwaggo ma ta baro tasha da sauri. Aka kwantar da Lesieli. Tana ƙarƙashin hannayensu jirgin ya busa na farko. Ya busa na biyu. Ta saurari injin yana ƙara ƙarfi, sannan yana raguwa, yana raguwa, har ya koma ƙarar teku ta kullum. Mafi ta buɗe mata idon dama, wanda ya rage yana ɗan gani.

"Wane ne tare da ke, 'yata?"

Ba sauran abin karewa sai idon. Lesieli ta buɗe baki.

"Baba ne."

"Faɗi sunansa."

"Sunia."

"Madalla," in ji Mafi, ta jefar da tsumman waje. Matan suka ɗauki waƙar godiya. Gwaggo ta sauko daga kujerarta, abin da ba a taɓa gani ba, ta rungume Lesieli, ta ce ta yafe mata duk abin da aka faɗa da bakinta. Ranar Lahadi ta gasa alade a tanderun ƙasa, ta aika wa kowane gida. An yaba mata ƙwarai. Aka ce ba kowace gwaggo ce za ta tsaya wa 'yar ɗan'uwanta haka ba.

Sitani ya dawo a jirgin mako na gaba, bai yi magana da kowa ba. Malam Havili ne ya ji yadda aka yi. Sau uku aka kira sunan Lesieli a bakin ƙofar ɗakin tantancewa. Da Sitani ya shiga ya ba da labarin kawunsa mai taurin kai da ya ƙi asibiti, wata likita a cikin masu tantancewa ta jawo wasu shafi biyu daga fayil, ta tambaye shi ko mutumin nan ɗaya ne da wanda aka ɗaura wa ganye wata uku yana roƙon a kai shi. Guraben huɗu duk suka tafi wasu tsibirai. Gwaggo ta ce Allah bai nufa ba, kuma dama masu babban birni 'ya'yansu suke zaɓa.

Da wata ya cika aka kai Lesieli asibiti, yanzu da ba abin da zai ɓata. Ma'aikaciyar jinya ta haska idon hagu, ta ga farin tabo ya rufe baƙin, ta tambayi abin da aka zuba. Kalo ta ce ciwon ido ne kawai ya kama ta. Na dama yana ganin launi da inuwar mutum. Aka ce wataƙila in likitan ido ya zo daga waje baɗi, a gwada.

A ƙauyen ba wanda ya yi laifi. Mafi magani ta yi, kamar yadda uwarta ta koya mata. Kalo 'ya'yanta ta kare. Malam ya rubuta wasiƙa. Magidantan nan rai suka ceta. Sitani ba shi ya daka ganyen ba. Gwaggo kuwa ta yi abin da ake jira daga gwaggo, har da alade. In aka bi kowa aka wanke shi, laifin mutum ɗaya ya rage wa, shi ne wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba. Sunia, da bai taɓa ɗaga wa kare hannu ba, ya zama mamacin da ya so ya tafi da 'yarsa ya lalata mata ido. Iyaye suna hana yara bi ta gefen kabarinsa. Shaidar da aka kama shi da ita kuwa daga bakin Lesieli ta fito, a gaban mata takwas, kuma wannan ya fi idon yi mata ciwo.

Ranar da aka bar ta ta fita ita kaɗai, ta bi ta bayan coci tana ƙirga taku. Ta gane kabarin da jan da ke lilo a iska. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa bargon, amma haruffan sun narke cikin juna. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ta kai ƙarshen sunan. Sannan ta koma wajen ƙafafunsa ta zauna.

Wata guda tana shirya abin da za ta ce masa. Za ta ce ta yi masa ƙarya, za ta ce ta daure kwana ashirin, za ta roƙe shi ya yafe. Ta ja numfashi.

"Baba," ta ce.

Sai ta ji takun mutum a yashi can baya, da ƙarar bokiti, wata mai kamun kaguwa. Takun ya tsaya. Lesieli ba ta iya ganin ko wace ce ba, amma ta san ana kallon bakinta. Ta rufe shi. Ta zauna shiru a ƙafafun ubanta har takun ya gaji ya wuce, kuma ko bayan ya wuce ba ta ƙara cewa komai ba.